Yadda Ake Gudanar da Binciken Lafiya a Babban Asibitin Gari

A shekarar 2023 aka wallafa sakamakon wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya kuma shafi mata fiye da 200,000 da suka haihu. An gwada wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mace bayan ta sauka, domin a san yawan jinin da ta zubar, kuma da zarar jinin ya kai iyaka sai a haɗa mata dukkan matakan tsayar da shi a lokaci guda, maimakon a yi ta gwada ɗaya bayan ɗaya. Zubar jini mai tsanani da abin da yakan biyo bayansa sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya, kuma asibitocin da aka yi aikin a cikinsu matsakaita ne, irin waɗanda talakawa ke haihuwa a ciki, inda ungozoma biyu kan riƙe ɗakin haihuwa daga magariba har wayewar gari.

A irin waɗannan asibitoci ne mafi yawan marasa lafiyarmu suke kwanciya, kuma a nan ne likita ɗaya kan duba mai hawan jini da safe, ya yi tiyatar haihuwa da rana, ya buɗe cikin yaron da taifod ta huda wa hanji da daddare. Wannan haɗuwar sassa a hannun mutane ƙalilan nauyi ne, amma ga mai bincike dama ce da asibitin koyarwa ba ya bayarwa, domin a can kowane sashe masarautar kansa ne.

Matakin farko: tambaya

Tambaya mai kyau daga zagayen marasa lafiya take fitowa, ko daga littafin rajistar mace-mace, ko daga ƙorafin da babbar ma'aikaciyar jinya ta daɗe tana maimaitawa har aka daina sauraronta. Kuskuren masu farawa shi ne su ɗauko tambayar da ta fi ƙarfin asibitin, kamar a ce za a binciki matsalolin tiyata a jiha baki ɗaya. Sai a yi ta rage ta har ta faɗi abubuwa huɗu a jimla guda: su wa za a duba, me ya same su ko me aka yi musu, da wa za a kwatanta su, kuma me za a auna a cikin wane tsawon lokaci.

Misalin da zan riƙa komawa gare shi shi ne wannan: a cikin waɗanda aka yi wa tiyatar buɗe ciki a asibitin, mata masu haihuwa da manya da yara, mutum nawa ne ɗinkinsu ya yi ruwa cikin kwana 30, kuma ko abin ya fi yawa ga masu ƙarancin jini da masu ciwon suga? Tambayar ƙarama ce, amma ta ratsa sashen tiyata da na mata da na yara da na cututtukan manya, ta kuma taɓa ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin magani. Kafin a amince da ita, a tambayi kai ko kayan da ke ƙasa za su iya amsa ta. Idan ɗakin gwaje-gwajen ba ya iya raino da tantance ƙwayoyin cuta, kada a sa sanin irin ƙwayar da ta ruɓar da ciwon cikin manufofin binciken. Sannan a ɗauki mako guda ana karanta abin da wasu suka riga suka rubuta a rumbun PubMed da na AJOL, wanda ya tara mujallun Afirka, don kada a sake tona rijiyar da wani ya riga ya haƙa.

Mataki na biyu: mutanen da za su ɗauki aikin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana buƙatar wakili daga kowane sashe da tambayar ta shafa, amma a lura da wanda ake ɗora wa ginshiƙin aikin. Likitoci masu bautar ƙasa shekara ɗaya suke yi su tafi, sauran likitocin kuma takardar canjin wurin aiki na iya zuwa musu daga hukumar kula da asibitoci ba zato ba tsammani. Waɗanda ke daɗewa su ne ma'aikatan jinya, da ungozomomi, da jami'in ɗakin kati, da mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata. Binciken da aka gina a kansu yakan kai ƙarshe, wanda kuwa aka rataya a wuyan likita ɗaya yakan bi shi duk inda aka tura shi.

A sanar da shugaban asibiti a rubuce tun da wuri, a kuma bayyana masa cewa ba neman laifin kowa ake yi ba. Wannan magana tana da muhimmanci a binciken tiyata, domin kowane mai fiɗa zai so ya san ko za a rubuta sunansa kusa da adadin ciwukan da suka ruɓe. Amsar da ta dace ita ce ba za a rubuta ba. Haka kuma a zama na farko ne ake yanke maganar waɗanda sunayensu za su fito a kan muƙala da yadda za a jera su, a rubuta, kowa ya sa hannu. Na ga abota ta shekaru ta lalace a kan wannan batu saboda an bar shi sai da aiki ya kammala.

Mataki na uku: wane irin bincike

Hanya mafi sauƙi a ido ita ce waiwaye, wato a ɗauko fayilolin waɗanda aka riga aka sallama a kwashi bayanai. Da ita na fara a wani asibiti da na yi aiki, kuma ban manta ranar da jami'in kati ya buɗe mini ɗakin ajiya ba. Fayiloli ne ɗaure da igiya dami-dami tun daga ƙasa har kusa da rufi, na ƙasa gara ta ci gefensu, na kusa da taga ruwan damina ya manne su wuri guda. Na miƙa masa jerin lambobin da na kwafo daga rajistar ɗakin tiyata, ya duba, ya ce, “Likita, waɗanda suka rasu ai nasu ba sa dawowa nan, suna can ofis.” Da na je ofishin ban sami ko rabinsu ba. Da na ci gaba a haka, da na rubuta cewa kusan babu mai mutuwa bayan tiyata a asibitin, alhali fayilolin mamatan ne suka ɓace. A waɗanda na samu ma, da yawa ba a rubuta nauyin maras lafiya ko lokacin da aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, wani kuma yana da lambar kati biyu saboda ya yar da na farko.

Saboda haka shawarata ga asibitin gari ita ce bincike mai bin maras lafiya tun daga ranar da ya shigo, ana cike fom a gaban gadonsa. Ya fi cin lokaci, amma abin da aka rubuta an gani da ido. Babban binciken sakamakon tiyata a Afirka da aka wallafa a 2018 a haka aka yi shi: asibitoci 247 a ƙasashe 25, kowannensu ya rubuta duk babban mutumin da aka yi wa tiyata a cikin mako guda kacal, aka tara mutum 11,422. Kimanin biyu cikin ɗari sun rasu, kuma kusan dukkansu ba a ranar tiyatar suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya. Wannan ya karkatar da hankali daga teburin tiyata zuwa ga yadda ake lura da maras lafiya bayan an fito da shi.

Gwaji na ƙuri'a, inda ake raba marasa lafiya gida biyu ba tare da zaɓin likita ba, shi ne mafi ƙarfin hujja, amma bai kamata ƙaramin asibiti ya fara shi shi kaɗai ba. Hanyar da ta fi ita ce shiga gwajin da wata jami'a ke jagoranta. Gwajin WOMAN na 2017, wanda ya nuna cewa allurar tranexamic acid tana rage mutuwa daga zubar jinin haihuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an yi ta cikin awa uku, ya tara mata fiye da 20,000 ne daga ƙasashe 21, har da Nijeriya, kowane asibiti da ɗan abin da ya kawo. Duk gwajin magani a Nijeriya yana buƙatar izinin hukumar NAFDAC, kuma dole a yi masa rajista a rumbu irin PACTR na Afirka kafin a shigar da mutum na farko.

Mataki na huɗu: daftarin bincike

Daftari shi ne takardar da ke faɗin duk abin da za a yi kafin a yi shi, kuma wurin da ya fi buƙatar natsuwa a cikinsa shi ne ma'anar abin da ake aunawa. Idan aka ce ɗinki ya yi ruwa, me ake nufi? Wata ma'aikaciyar jinya za ta ƙirga ɗan ja da kumburi, wata kuwa sai ta ga mugunya tana fita. A ɗauki ma'anar da aka sani, kamar ta CDC, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda ta raba ruɓewar gida uku, ta fata, da ta cikin nama, da ta cikin ciki, ta kuma sa iyakar kwana 30 ga yawancin tiyata. A rubuta ta da Hausa da Turanci, a manna a ɗakin wankin ciwo. Haka za a yi wa ƙarancin jini da ciwon suga: a faɗi adadin da ya zama iyaka da na'urar da za a auna da ita.

Daga nan sai yawan mutanen da ake buƙata. Idan ana tsammanin kusan 20 cikin ɗari za su samu matsalar, ana kuma son kuskuren bai wuce maki biyar sama ko ƙasa ba, lissafin da aka saba yana ba da mutum 246. A ƙara tanadin ɗaya cikin goma da za su ɓace kafin kwana 30, sai adadin ya kai 274. Asibitin da ke yin irin wannan tiyata 25 a wata zai buƙaci wata goma sha ɗaya. Gara ma a cika shekara, domin marasa lafiyar damina ba irin na rani ba ne: zazzaɓin cizon sauro yana ƙara ƙarancin jini, hanyoyi suna yankewa, mutane suna isowa a makare, manomi kuma ba ya son barin gona ya dawo a duba masa ciwo. Shafin OpenEpi yana yin wannan lissafi kyauta, amma a nuna wa masanin ƙididdiga daftarin tun yanzu, domin bayan an gama tara bayanai babu abin da zai iya gyarawa.

Mataki na biyar: izini da yardar maras lafiya

A Arewa ba a buƙatar dogon bayani kan dalilin wannan mataki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su ceftriaxone, maganin da aka saba amfani da shi. Yara 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran kuma an nemi yarda da baki, shari'a ta yi ta tafiya har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Har yau akwai dattawan da idan ka ce musu “bincike” wannan labari ne ke faɗo musu.

Ƙa'idojin da ake bi sun samo tushe daga Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda aka sabunta a 2024, a gida kuma akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, da kundinsa na 2007. Asibitin da ba shi da kwamitin da aka yi wa rajista zai kai daftarinsa ga kwamitin ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa mafi kusa. Ko binciken fayiloli ne sai an nema, kuma kwamitin ne ke da ikon yafe neman yardar kowane mutum, ba mai binciken ba. Ba a fara cike fom ko ɗaya kafin takardar izini ta fito, kuma mujallar kirki za ta nemi lambarta.

Takardar yarda a rubuta ta da Hausar da ake ji a kasuwa, sannan a ba wani da bai ga ta Turancin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta. Wanda ba ya karanta boko a karanta masa a gaban shaidar da ba ta cikin masu binciken, ya dangwala yatsa, shaida ya sa hannu. Yaro kuwa sai da yardar mahaifi ko mai riƙonsa, kuma idan ya yi wayo a nemi tasa amincewar. Abin da takarda ba ta magancewa shi ne kunya da girmamawa. Idan likitan da zai yanka mutum gobe ya tsaya a kansa yana tambaya, amsar ita ce, “Duk yadda ka ce, Likita.” Don haka a bar wa wata ma'aikaciyar jinya da ba ita ke kula da gadon ba, ta zauna, ta ce, “Baba, wannan ba ya cikin maganinka. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, aikin da za a yi maka ɗaya ne.” Sai ta nemi ya maimaita mata abin da ya fahimta da bakinsa. Matar aure takan ce a jira maigida, kuma daidai ne a jira shi a yi masa bayani, amma amincewarsa ba ta maye gurbin tata. Wanda aka kawo cikin gaggawa ba a tsare shi da takarda a ƙofar ɗakin tiyata. A binciken da lura kawai ake yi, ana iya neman kwamitin ya yarda a tambaye shi bayan ya farfaɗo. Kuɗin mota na dawowa a biya daidai da abin da aka kashe, kada ya yi yawan da zai sa talaka ya kasa cewa a'a.

Mataki na shida: tara bayanai

Fom ya tsaya a shafi ɗaya, ko biyu in ya yi yawa. Duk tambayar da ba a san teburin da za ta shiga a ƙarshe ba a cire ta, domin ungozomar da ke aikin dare ba za ta cike gurabe sittin ba. A gwada fom ɗin a kan mutum goma, a gyara, a ajiye waɗannan goman a gefe. Ba a rubuta suna a kan fom, lamba ake ba kowa, littafin da ya haɗa suna da lamba kuma a kulle shi a hannun mutum ɗaya. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka tura hoton fayil ta WhatsApp ba hanya ba ce. Manhajar KoboToolbox tana aiki a waya ko babu intanet, ta tura bayanan idan an samu, amma inda wutar lantarki ba ta da tabbas a riƙe kwafin takarda.

Shekarun haihuwa sukan ba da wahala, domin mutane da yawa za su ce arba'in ko hamsin. A taimaka musu da abin da suka shaida, kamar mulkin wani shugaba ko naɗin wani sarki, a kuma rubuta cewa ƙiyasi ne.

Inda irin wannan bincike ya fi karyewa shi ne bibiya bayan sallama, alhali ciwuka da yawa a gida suke yin ruwa. A karɓi lambar waya biyu, ta maras lafiya da ta mai jinyarsa, a kira su nan take a gabansu don a tabbatar suna shiga. A rubuta sunan ƙauye da na mai unguwa. A sa ranar dawowa ta dace da ranar kasuwar garin, lokacin da motoci ke shigowa daga ƙauyuka. Wanda bai dawo ba kuma waya ba ta same shi ba, a rubuta cewa ba a san halin da yake ciki ba. Kada a taɓa lissafa shi cikin waɗanda suka warke, domin wani ya koma wurin mai maganin gargajiya, wani yana wani asibitin, wani kuwa an yi sadakar bakwai ɗinsa. Haka ma waɗanda 'yan'uwa suka ɗauke kafin sallama saboda kuɗi sun ƙare, a ba su nasu gurbi. Kowane mako mutum ɗaya ya zauna ya gwada yawan fom da rajistar ɗakin tiyata. Idan an yi tiyata tara aka samu fom bakwai, sau da yawa biyun da suka ɓace na tsakar dare ne, kuma su ne mafi tsanani.

Mataki na bakwai: nazari

Manhajar ƙididdiga ta Epi Info kyauta ce, kuma ta isa ga irin wannan aiki. A fara da bayyana su wane ne aka duba, mutum nawa aka shigar, nawa suka ɓace, kafin a kai ga kwatance. Kowane kaso a faɗe shi tare da tazarar tabbacinsa. Mutum 50 cikin 250 kashi 20 ne, kuma gaskiyar tana tsakanin kusan 15 da 25. Mutum 8 cikin 40 ma kashi 20 ne, amma tazararsa ta kama daga kusan 10 zuwa 35, wadda ba a gina hukunci a kanta.

A yi hattara da abin da ke laɓe a bayan alƙaluma. Idan aka ga ciwuka sun fi ruɓewa a hannun babban likita, mai yiwuwa ne domin shi ake tasowa idan hanji ya huje ciki ya cika da ƙazanta, ƙananan likitoci kuwa suna yin tiyatar da aka shirya. Haka ƙarancin jini: yana iya zama sanadi, yana kuma iya zama alamar cewa mutum ya daɗe yana jinya a gida. Akwai hanyoyin ƙididdiga na rage wannan ruɗani, amma sai an riga an rubuta tsananin cuta da gaggawar tiyata a fom. Sakamakon da ya nuna babu bambanci shi ma sakamako ne, kuma haramun ne a yi ta jujjuya alƙaluma har sai wani abu ya faɗo.

Mataki na takwas: mayar da sakamako da wallafawa

Waɗanda suka cike fom su ne na farko da za su ji abin da aka gano, a taron asibiti, da harshen da kowa ke ji, sannan a kai wa hukumar asibitoci taƙaitaccen rahoto na shafi ɗaya. Wajen rubuta muƙala a bi STROBE, wato jerin abubuwan da ya kamata muƙala ta ƙunsa, wanda aka tanada domin binciken lura, kuma a sa sunan duk wanda ya yi aikin da ya cancanta, ko nas ce ko jami'in gwaje-gwaje, a bar wanda muƙami kawai gare shi a sashen godiya. Mujallar da ta aiko saƙo tana alkawarin wallafawa cikin mako guda idan an biya, a guje ta. A duba ko sunan mujalla yana cikin PubMed ko AJOL kafin a tura.

Idan sakamakon ya nuna, misali, ana jinkirta allurar kashe ƙwayoyin cuta har sai an gama tiyata maimakon a yi ta kafin yanka, sai a gyara wannan abu guda, a ci gaba da cike fom ɗin nan na wasu watanni, a kwatanta. Da irin wannan awo na kafin da bayan aka gwada jerin tambayoyi 19 na lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008: a asibitoci takwas, mace-macen waɗanda aka yi wa tiyata sun sauka daga 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, kuma ɗaya daga cikin takwas ɗin asibitin gunduma ne a Ifakara, cikin karkarar Tanzaniya. Zagaye na biyu yana buƙatar a koma wa kwamitin ɗa'a da buƙatar ƙarin wa'adi, fom ɗin farko kuma a ajiye su a kulle tsawon shekarun da kwamitin ya ƙayyade, tare da rubuta sunan wanda zai karɓi makullin idan aka canja wa mai riƙe da shi wurin aiki.